Sandar Gilashi a Fadamar Kalgo

Mai gwanjon da ya sayar mini da ita rantsuwa ya yi cewa eriya ce. A wani lungu na kasuwar Birnin Kebbi na gan ta, a jingine tsakanin karyayyun lemomi da sandunan guragu, cikin wani dogon bututun alminiyam da ya sha duka. Na kwance murfin, na zaro wani ƙyalle mai aljihu biyu, a kowane aljihu da siririyar sanda mai launin zumar da ta daɗe a kwalba.

"Ta mota ce, Malam, irin ta Turawan da," in ji shi. "Ka ɗaura ta bisa ɗaki, wallahi har Jamus sai ka kamo da rana tsaka."

Ban yi masa musu ba, don mai saye ba ya koya wa mai sayarwa darajar hajarsa. Amma ƙananan zobban ƙarfen da ke jere a jikinta, da mariƙin da hannun wani ya cinye har ya bar gurbin babban yatsa, sun gaya mini ko mece ce. Kusa da mariƙin an rubuta Fenwick, sai FF806. Sandar fatsa ce ta zaren gilashi, abin nan da masu jiragen ruwa suke kira faiba. Na biya abin da bai kai kuɗin kwano uku na shinkafa ba, ya ƙara mini da wani kwarkwaron naɗe igiya da ya ce bai san amfaninsa ba, na ɗaura a babur na kama hanyar Gwandu. Uwargida ta dubi sandar, ta dube ni, ta ce, "Malam, ritayar ce ta fara taɓa ka?"

Tana da gaskiyarta. Mu mutanen Gwandu ba 'yan ruwa ba ne. Garinmu na malamai ne da manoma, garin da hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake, kuma ruwan da muka sani shi ne na tafkuna da kududdufai, su cika da damina, su ƙafe kafin bazara. Muna yara mukan lanƙwasa allura a wuta, mu ɗaura a kara, mu soka tana, mu wuni a bakin tafki don tarwaɗa biyu da ba su kai tsawon tafin hannu ba. Iyakar kamun kifinmu ke nan. Ruwa na gaske yana can wajen Kalgo, inda Gulbin Kebbi yake gangarowa daga Argungu, ya bi ta bayan Birnin Kebbi, ya baje a fadama kafin ya nufi Bunza ya je ya faɗa Kwara. Shekara 35 na yi ina koyar da kimiyya a makarantun sakandare, kuma a ɗakin karatun wata makaranta na taɓa ganin hoton wani Bature tsaye cikin rafi, igiya ta yi baka a bisa kansa kamar bulalar makiyayi. Hoton bai bar ni ba.

Bambancinta da fatsar da muka sani guda ɗaya ne, amma daga shi komai ya samo asali. A fatsarmu, nauyi yana bakin zare: guntun dalma, ko tana, ko curin tuwo. Shi ke jan zaren ya kai shi tsakiyar ruwa. A wannan kuwa, abin da ke bakin zaren bai kai nauyin ƙwayar dawa ba. Ƙugiya ce aka yi wa sutura da gashin tsuntsu da zare har ta yi kama da ƙwaro. Ɗauki gashin kaza ka jefa da iya ƙarfinka, a kan ƙafarka zai faɗo. Shi ya sa aka mayar da nauyin cikin igiyar kanta. Igiya ce mai kusan kaurin tsinken ashana, an lulluɓe ta da roba, tana yawo a bisa ruwa, a bakinta kuma ana ɗaura siririn zaren nailan kamar mita biyu da rabi wanda kifi ba ya gani sosai. Aikin sanda shi ne ta lanƙwasa, ta ɗauki nauyin igiyar, ta wurga ta baya, ka dakata har ta miƙe, sannan ka kawo ta gaba ta warware a hankali ta ajiye ƙwaron a kan ruwa kamar iska ce ta kawo shi. Makiyayi yana son bulalarsa ta ce tas. Kai kuwa in ka ji tas a bayanka, ka yi garaje, ƙwaronka ya tsinke ya tafi cikin ciyawa.

Dabarar tsohuwa ce. Wani marubucin Rum mai suna Eliyan ya ba da labari, wajen shekara ta 200 miladiyya, cewa mutanen Makidoniya suna naɗa jan ulu a ƙugiya su ɗaura gashin zakara biyu su yaudari kifi. Amma ba sai mun je Makidoniya ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin tafki da almuru, washegarin ruwan farko, ya ga yadda shinge ke fitowa daga ƙasa ya faɗa ruwa, ruwan ya riƙa tafasa da bakunan kifi, to ya riga ya san rabin karatun. Sauran rabin, yadda za ka sa kifi ya ɗauki gashin zabuwa a matsayin shinge.

To, me ya kawo gilashi a maganar sanda? Kafin yaƙin duniya na biyu, sandar ƙwarai ta gora ce, kuma ba kowace gora ba, wata iri ce da ake kawowa daga kudancin Sin. A tsaga ta, a fere sala shida, a manne su su zama sanda ɗaya mai kusurwa shida. Aikin makonni ne, kuɗinta kuma na masu hali. A 1938 aka kafa kamfanin Owens-Corning a Amurka don yin zaren gilashi, wato a narka gilashi a ja shi ya yi siriri fiye da gashin kai, ya zama abin da za a iya saƙawa kamar ƙyalle. Lokacin yaƙi aka gano cewa in an jiƙa wannan ƙyalle da wani irin gam aka gasa, yakan ba da abu mara nauyi, mai ƙarfi, wanda ba ya tsatsa, har aka riƙa amfani da shi a jikin jiragen sama. A 1944 wani masanin sinadarai, Dokta Arthur Howald, ya je su a jihar Mishigan, kan sandarsa ta gora ya karye, ya gyara ta da zaren gilashin da yake aiki da shi. Gyaran ya yi kyau har ya kai dabarar ga kamfanin Shakespeare da ke Kalamazu, wanda ya fito da farar sandar nan mai suna Wonderod wajen 1947. Abin dariya, wannan kamfani ya shahara kuma da yin eriyar jiragen ruwa da zaren gilashi. Ashe mai gwanjona bai yi nisa da gaskiya ba.

Siyasa ta ƙarasa aikin. A 1950, da yaƙin Koriya ya ɓarke, Amurka ta haramta ciniki da Sin, gorar ta daina zuwa. Shekara ashirin da 'yan kai gilashi ya yi yana sarauta. Yadda akasari ake yi, a yanka ƙyallen gilashin dogo mai tsini, a naɗe shi a jikin sandar ƙarfe mai kauri a gindi da siranta a kai, a ɗaure, a gasa a tanda, a zare ƙarfen, sai ga sanda mai rami a ciki kamar karan dawa da aka ƙwaƙule totuwarsa. Kamfanin Fenwick, mai tawa, ya fara a 1952 a jihar Washinton. A farkon shekarun 1960 ya kawo wata dabara da ta canja sana'ar: maimakon a haɗa gaɓoɓin sanda da mahaɗin tagulla, wanda yake sandarewa ya hana ta lanƙwasa a tsakiya, sai aka sa gaɓar sama ta hau kan ta ƙasa, gilashi bisa gilashi. Tawa irin wannan ce, ƙirar farkon shekarun 1970. Ta girmi jihar Kebbi, da aka ƙirƙira a 1991, da kusan shekara ashirin.

Kuma Fenwick ɗin ne ya haƙa wa gilashi kabari. A 1973 ya fito da sandar zaren kabon, wadda ta fi sauƙi a hannu, ta fi tauri, ta fi kai igiya nesa. Cikin 'yan shekaru kowa ya koma can, tsofaffin sanduna suka koma bayan ƙofa. Mai ita ya tsufa ya rasu, 'ya'ya su share gida, kaya su shiga kwantena, su sauka a Kwatano ko Legas, su biyo hanya har su tsaya tsakanin lemomi a Birnin Kebbi. Ina yawan sa babban yatsana a gurbin nan na mariƙi in yi tunanin mutumin. Hannunsa ya fi nawa girma.

A 'yan shekarun nan masu sha'awa a Amurka da Turai da Japan sun juyo suna neman tsofaffin nan, har farashin wasu ya tashi a kasuwannin intanet, musamman ƙirar Phillipson ta Denba, da Winston, da Hardy ta Ingila. Su abin da suke so shi ne laushinta. Ni kuwa dalilina ya fi nasu zama na talaka. Sandar kabon in ta bugi gefen kwalekwale, ko tsakuwa ta daki jikinta, sai ta yi rauni a ɓoye, ranar da babban kifi ya kama ta fashe kamar kwalba. Ta gilashi tana da kaurin jiki, tana jure wulaƙanci. Tawa ta faɗo daga babur a hanyar Kalgo, jaki ya taɓa taka jakarta, jikana ya kori awaki da gaɓar samanta, har yau tana aiki. Sannan ba ta da gaggawa. Tana lanƙwasa tun daga kai har kusa da mariƙi, kana jin nauyin igiya a tafin hannunka, ita da kanta take gaya maka lokacin da za ka kawo ta gaba. Ga wanda ya fara koyo yana da shekara sittin ba tare da malami ba, wannan ba ƙaramar rahama ba ce. In kifi ya fizga, laushin nan yakan shanye fizgar, siririn zare bai tsinke ba. Ruwanmu na fadama ma ba ya bukatar jifa mai nisa. Mita goma zuwa goma sha biyu ta isa. Kabon yana ɗaukar lantarki, gilashi ba ya ɗauka, ko da yake wannan ba lasisin tsayawa a fili da jiƙaƙƙiyar sanda ba ne in hadari ya haɗo. Aibinta kuwa ba na ɓoye shi: ta fi nauyi, kafaɗa takan gaya maka da yamma, kuma in iskar hunturu ta taso, igiya takan dawo maka a fuska.

Wanda duk ya ci karo da irinta a gwanjo, abu na farko ya tabbata ita ce. Yawancin sandunan fatsa da ke shigowa na jifan dalma ne, ko kuma 'yan Sin masu zugewa kamar eriyar rediyo. Alamar tamu, mazaunin kwarkwaro yana can ƙarshen gindi, ƙasa da inda hannu ke riƙewa, zobbanta kuma ƙanana ne, yawancinsu waya ce kawai da aka murɗa. Daga nan sai mahaɗi, don nan ne ran sanda. Haɗa gaɓoɓin ka kaɗa ta a hankali kusa da kunne. In ka ji ƙas-ƙas, mahaɗin ya sake ko ya tsage. In sakewa ce kaɗan, goga masa kyandir ya wadatar. In tsagewa ce a bakin gaɓar, ajiye ta ka yi gaba, ko nawa aka rage maka, don araha ba ta ado. Wasu kuma, irin na Hardy, an yi su ne da ɗan tazara da ke saura tsakanin gaɓa da gaɓa. Haka ƙirar take, kada ka danna da ƙarfi wai sai sun haɗe baki.

Ni nakan tafi da ɗan curin auduga a aljihu. In ka shafa ta a jikin sanda daga gindi zuwa kai, duk inda zaren gilashi ya tashi sai ta maƙale. Farin tabo mai kama da ƙurma a cikin jikin sandar alama ce an taɓa take ta. Jera gaɓoɓin biyu a ƙasa: in ta sama ta gaza ta ƙasa da yawa, kan ya taɓa karyewa aka mayar da zobe, kuma ba za ta yi jifa yadda maƙerinta ya nufa ba. Zobban da suka yi tsatsa, ko zaren da ya naɗe su ya warware, wannan ba komai ba ne, dalilin neman ragi ne kawai. Biyu daga cikin nawa da zaren ɗinkin hula na sake naɗe su, na shafa Araldite siriri a kai. Mariƙin na ɓawon wata bishiya ne da aka fi samu a Fotugal, irin wanda ake toshe kwalba da shi. Sabulu da tsohon buroshin haƙori sun fito da hasken nawa. Gargaɗi ɗaya: kada ka kankare jikin sanda da hannu tsirara. Ƙaiƙayin zaren gilashi ya fi na ƙaiƙayin gero naci.

Sai lambobin. FF806 na nufin tsawon ƙafa 8, igiya mai lamba 6. Tun 1961 masu ƙera kayan su a Amurka suka daidaita a kan auna ƙafa 30 na farkon igiya, wato kamar mita 9, a ba ta lamba gwargwadon nauyinta. Lamba 6 ta ɗan haura giram 10, lamba 8 ta kusa giram 14. In sandar ta girmi wannan tsari, haruffa za ka gani: HDH kusan lamba 6 ke nan, HCH lamba 7, GBF lamba 8. In ka sa mata igiyar da ta yi mata sauƙi ba za ta lanƙwasa ba, ka yi ta dukan iska a banza. Kuma a nan tarkon yake, wanda da na san shi da wataƙila na bar wa mai gwanjo eriyarsa. Igiyar ta fi sandar wuyar samu. Wadda na tarar a kwarkwaron ta bushe, tana karyewa kamar taliya. Na zaga Birnin Kebbi da Jega, babu wanda ya ma gane abin da nake nufi. Na aika wa wani mai sayarwa a intanet kuɗi, bayan mako uku ya aiko mini da ƙullin zaren nailan irin wanda ake saƙa taru da shi, daga nan wayarsa ta daina shiga. Sai da ɗan ƙanena da ke karatu a Ingila ya zo hutu ya riƙo mini guda biyu. Kuɗin ɗaya ya ninka na sandar sau da yawa.

Ƙwari kuwa ban taɓa sayen ko ɗaya ba. Gashin zabuwa mai ɗigo-ɗigo, wanda Turawa suke saye a 'yar leda da tsada, a bayan ɗakin girkinmu yake zube. Da shi, da gashin wuyan zakara, da zaren hula, da ƙugiya ƙarama ta kasuwa, da ɗan guntun soson silifa in ina son ya yi yawo a sama, nake ɗaura abin da nake kira shinge, da fara, da ɗan kifi.

Wata uku na yi ina jifa a filin makarantar firamare bayan la'asar, ba ƙugiya, yara suna kallo suna dariya, kafin na yi ƙarfin halin zuwa Kalgo. Wani tsohon ɗalibina ya haɗa ni da wani dattijon masunci a wani ƙauye da ke bakin fadama, Basarke gaba da baya, wanda tun yana yaro yake bin mahaifinsa da homa da gora. Da muka gaisa ya tambayi asalina, na kuskura na ce kakana na wajen uwa mahauci ne. Shi ke nan na ba da kaina, don tsakanin masunta da mahauta akwai wasa.

"To, jikan Rundawa," in ji shi, "naman ya ƙare ne kuka biyo mu ruwa? Wagga sanda kuma ta mi ce, korar tsuntsaye?"

Na ce, "Baba, ta kamun kifi ce."

Ya karɓi ƙwaron ya juya shi a tafin hannu, ya shinshina. "Ba tana, ba wari. Malam, kihinmu bai yi boko ba."

Zuwa uku na yi ban kama komai ba sai karan shinkafa da hulata. Kuskurena na farko lokaci ne. Na je a watan Agusta, ruwa ya yi ja kamar kunun kanwa, kifi ba ya ganin abin da ke gaban hancinsa. A irin wannan ruwa wari ne ke aiki, shi ya sa tana ta fi. Baba ya ce in dawo bayan kaka, in ambaliya ta janye, ruwa ya kwanta a gurabe. Na dawo a Nuwamba. Ya sa ni a kwalekwalensa da asuba, ya tura mu da gora zuwa wani gurbi da bado ya rufe gefensa, ya ajiye gorar, ya nuna da haɓa.

"Kada ka jefa tsakiya kamar mai jifan shaiɗan. Dubi inda kainuwa ta yi baki da ruwa. Jira. Ka gani?"

Ban ga komai ba. Sai can wani ɗan zobe ya buɗe a kan ruwa, bai fi bakin kofin shayi ba. Na wurga baya, na ƙirga ɗaya, na kawo gaba. Shingena na gashin zabuwa ya sauka kamar taki ɗaya daga zoben. Ruwan ya tsage, igiya ta miƙe, sandar ta yi baka har cikin mariƙi, na ji bugun kifin a gwiwar hannuna kamar ana buga mini ƙofa. Kawara ce, fara sol, ba ta fi tsawon tafin hannu da rabi ba. Na kusa kifar da mu don murna. Baba bai ce komai ba, amma ya sake karɓar ƙwaron ya duba, wannan karon bai shinshina ba.

Daga ranar na fahimci rabon aikinmu. Ni na san sanda, shi ya san ruwa, kuma nasa sanin ya fi nawa tsada nesa ba kusa ba. Shi ya koya mini cewa kawara tana bin iska, tana taruwa a gefen da iska ke tura ƙwari. Gargaza, wadda Kanawa ke kira karfasa, tana da tsoro da wayo, sai ƙaramin ƙwaro mai nutsewa a hankali kusa da ciyawa, kuma inuwarka kada ta faɗa ruwa. Tarwaɗa takan taso da almuru ta haɗiyi iska, in ka ajiye mata baƙin ƙwaro mai kauri da ɗan ƙara a kusa, wani lokaci takan juyo. Tsage kuwa ɗan ta'adda ne. Sau huɗu yana yanke mini zare da haƙoransa kamar an sa almakashi, sai da na warware wayar burkin keke na ɗauki sili ɗaya na ɗaura a gaban ƙugiya. Ranar da na fitar da na farko, ya yi tsalle sau uku a sama da ruwa, hannuna bai daina rawa ba har muka iso gaci.

Giwan ruwa ban sa shi a lissafi ba. Akwai masu kama shi da irin wannan dabara a kogin Faro na ƙasar Kamaru, amma da sanduna masu lamba goma zuwa sama. Tawa ta kifin fadama ce, kuma kifin fadama ba ya gasa da na gulbi. In ana maganar giwan ruwa, girman na mutanen Argungu ne, waɗanda suke faɗa wa kogin Matan Fada da homa da gora da ƙarfin damtse. Bikinsu na kamun kifi ya samo asali daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934, bayan gabar da ta daɗe tsakanin Kabawa da daular Usmaniyya, wadda mu mutanen Gwandu muka fi kowa sanin zafinta. UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016, kuma a bikin 2020 kifin da ya ci gasa kilo 78 ne. Wannan ya fi ni nauyi.

Abu biyu nake gaya wa duk wanda ya ce zai bi ni. Na farko, ruwa yana da masu shi. Ba a zuwa gurbi a hau jifa ba tare da an gai da Sarkin Ruwa ko dattawan wurin ba, don akwai wuraren da aka hana taɓawa sai lokacinsu, akwai kuma tarun wani ko mamarinsa a ƙarƙashi da ba ka gani. Na biyu, hotunan Turawa tsaye cikin ruwa har ƙugu kada su ruɗe ka. Ruwanmu mai kwanciya yana da katantanwar da ke ɗauke da tsargiya, tsutsar kuma ta fata take shiga. Ni daga kwalekwale nake jifa ko daga gaci, in kuwa dole ta sa na taka ruwa, da takalmin roba mai tsawo.

Inda muka fi samun saɓani da Baba shi ne sakin kifi. Masu wannan wasa a ƙasashen waje yawanci kamawa suke su saki. Ranar da na fara cire ƙugiya na mayar da wata 'yar gargaza, ya dube ni kamar na jefa kuɗi a rijiya.

"Allah ya kawo maka arziki har hannu, ka ce ba ka so?"

Na daɗe ina juya maganar. Shi da kifin nan yake ciyar da gida, ni kuwa fansho nake ci, kifi nishaɗi ne. Ban ga kyan in zo gabansa ina wasa da abincinsa ba, kuma ni kaina zuciyata ba ta kwanta da a huda bakin dabba don jin daɗi kawai ba. Don haka abin da ya isa ci nakan riƙe, rabi na gidansa, rabi na uwargida, wadda ta daina maganar ritaya tun ranar da ta ɗanɗana farfesun tsage. Ƙanana da masu ƙwai nake saki, na kuma danne ƙayar ƙugiyata da filaya don ta fita ba tare da yaga ba. A kan wannan bai yi mini gardama ba, don shi ne ma yake kukan kifi ya ƙanƙance. Yakan lissafa dalilai yana tura jirgi: tun da aka yi madatsun Bakolori da Goronyo ambaliya ba ta zuwa yadda ya san ta yana saurayi, shinkafar rani ta cinye fadama, injinan ban ruwa suna zuƙe gurabe, maganin feshi yana gangarowa, ga yara suna jan gidan sauro a ruwa suna kwashe har 'ya'yan da ba su kai farce ba. Ba ya zagin shinkafa, don shi ma yana da 'yar gonarsa. Faɗa kawai yake yi.

A zuwana na ƙarshe kafin azumi, na iske shi a bakin ruwa ya riga ni. A hannunsa akwai wata doguwar gora siririya, ta fi tawa sandar tsawo, ya ɗaura mata zaren nailan daidai tsawonta, ba kwarkwaro, ba zobe. A bakin zaren, shingen gashin zabuwa ne da na ba shi tun watan jiya, wanda ya karɓa yana cewa zai kai wa jikokinsa su yi wasa. Na so in gaya masa cewa mutanen duwatsun Japan sun yi ɗaruruwan shekaru suna su haka, har suna kiran abin tenkara, amma na ga ba ya bukatar izinin Japan. Yana ɗaga gorar, ya ajiye ƙwaron a bakin bado, ya ɗan girgiza shi kamar mai fuka-fukin da ya jiƙe. Kafin in gama haɗa gaɓoɓin Fenwick in zura igiya a zobba, ya jefa kawara ta bakwai a cikin ƙwarya.

"Jikan Rundawa," ya ce, bai ko waiwayo ba, "in za ka dawo bayan salla, ɗauro mini biyar. Amma ka sa musu ɗan ja a wuya. Wanga naka ya cika fari."